Wanne Ne Ke Barin Murya Ta Fita? Sharhi Kan Hedifon Masu Rufaffen Baya Na Daidai Aljihu

Kaso mai yawa na adabin Hausa yanzu ta kunne yake shiga. Littafin da a da ake haya a shago a ɓoye cikin jakar makaranta, yau wani ne ke karanta shi a YouTube kashi-kashi, ana saurare a kicin, a cikin mota, a bakin shago. Waƙoƙin da ke kwance a kaset sun koma cikin waya, shirye-shiryen rediyo ma ana sauke su a ji lokacin da aka samu sarari. Mun saba mu yi wa littafi sharhi har kan bangonsa da kurakuran buguwarsa, amma abin da ke tsakanin muryar mai karatu da kunnen mai sauraro ba mu cika waiwayarsa ba. Alhali shi ma yana da ikon gyara aiki ko ɓata shi, kamar yadda mugun bugu ke ɓata kyakkyawan labari.

Za mu kwatanta wasu hedifon masu rufaffen baya waɗanda kuɗinsu bai haura dala 150 ba, kuma ake iya fita da su. A dala muka ƙiyasta farashi saboda a ita kamfanonin ke yanka shi, kuma yakan ɗan motsa.

Me ake nufi da rufaffen baya?

Kowane hedifon yana da ƙaramar lasifika a kowane ɓangare. Fatarta tana kaɗawa gaba da baya, don haka sauti na fita ta fuska biyu. A buɗaɗɗen baya, irin Koss Porta Pro da ake yi tun 1984, an bar wa sautin baya hanya ya fice. Wannan yana ba da sauti mai sakewa, amma na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji duk hayaniyar duniya. A rufaffen baya kuwa an toshe wannan hanya da ƙoƙo. Ribar ita ce sirri da raguwar hayaniya. Hasarar ita ce sautin da aka tsare yana dawowa ya gauraya da na gaba, kuma nan ne injiniya mai kyau yake bambanta da mai ha'inci. Ga wanda ke zaune a gidan da ke cike da jama'a, ko yake aiki janareta na ruri a bayan taga, zaɓin a bayyane yake. Rufaffe zai saya. Abin tambaya shi ne wanne.

Ma'aunin da muka ɗauka

Kasuwa bes take sayarwa. A duba sunayen da kamfanoni ke liƙa wa kayansu: Sony na da Extra Bass, JBL na da Pure Bass, Anker na da BassUp, Oraimo na da HavyBass. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai saye a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja daƙiƙa talatin yake samu ya gwada cikin hayaniya, kuma a wannan ɗan lokacin dukan ƙirji kawai kunne ke kamawa. Sai an je gida an yi awa biyu da shi ake gane an sayo ganga ne ba lasifika ba.

Mu murya muka sa a gaba, kuma muna da hujja. Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Tushen muryar namiji yana tsakanin kamar 85 zuwa 180, na mace tsakanin 165 zuwa 255. A wannan yanki ne karin sautin Hausa yake hawa da sauka, wato abin da ke raba kukan yaro da kukar miya, ko farin launi da farin rashin ruwa. Baƙaƙe kuwa, irin abin da ke raba baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, yawancin alamominsu suna can sama, wajen 2,000 zuwa 4,000. Hedifon mai araha yakan kumbura sautin da ke tsakanin 100 da 250, domin ya fi sauƙin samarwa a kan bes na gaskiya da ke ƙasa da haka. Sakamakon shi ne muryar mai karatu ta yi kauri kamar yana magana cikin randa, kuma ƙarar ƙasa ta danne baƙaƙen sama. Mai sauraro sai ya ƙara murya don ya ji kalmomi, kuma daga nan matsalar ta tashi daga ta aljihu ta koma ta lafiya.

Abubuwa huɗu muka yi gwaji da su. Muryar mai karanta littafi ita kaɗai. Kalangun Mamman Shata, domin kalangu ganga ce mai hawa da sauka, idan hedifon ya dagula ƙasa sai maganar gangar ta ɓace. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, domin tsirkiya ɗaya mai kaifi tana tona asirin hedifon mai tsini a sama. Sai waƙoƙin situdiyo na zamani, masu nauyin bes da muryar da kwamfuta ta gyara.

Akwai kuma binciken da ya dace mai saye ya sani. Tun wajen 2012 Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman suka riƙa sa mutane suna sauraron hedifon ba tare da sanin sunansa ko kuɗinsa ba, har suka fitar da wani tsarin sauti da kusan kashi biyu cikin uku na masu sauraro suka fi so: bes mai zurfi amma tsararre, tsakiya a fili, sama ba tsini. A 2017 kuma Jeroen Breebaart ya auna hedifon 283, ya nuna cewa kusan babu alaƙa tsakanin farashi da yadda suke rarraba sauti. Ya kamata a tuna Harman ɗan kasuwa ne, shi ke da AKG da JBL, kuma Samsung ya saye shi a 2017. Duk da haka darasin yana nan: a wannan fage ji ne ya kori gani.

Sony MDR-7506

Tun 1991 ake yin sa, kuma bai sauya kama ba. Shi ne za ka gani a kan masu ɗaukar sauti a wurin shirya fim da ɗakunan rediyo a ƙasashe da yawa. Kuɗinsa wajen dala 100, nauyinsa giram 230, yana naɗewa. A kan murya zalla, babu wanda ya kai shi fito da kalma cikin waɗanda muka jera. Za ka ji numfashin mai karatu, da juya takarda, da inda ya haɗiye harafi.

Wannan baiwar ita ce aibinsa. An gina shi don ya nuna kuskure, don haka yana ɗaga sama fiye da kima. Tsohon faifan Ɗanmaraya da aka kwafo daga kaset yana zuwa da duk shuuu ɗinsa, kuntigin kuma yakan soki kunne idan an daɗe. Harafin "s" da "ts" a bakin wasu masu karatu suna zama allura. Ga kuma igiyarsa mai lanƙwasa, mai nauyi, wadda take kai mita uku idan an ja ta, kuma ba a cire ta. A kan tebur ba laifi, a cikin Adaidaita Sahu kuwa kaya ce. Wanda ke naɗar littafi ko shirin sauraro, wannan ne nasa. Wanda ke son ya kishingiɗa ya ji daɗi, ya duba gaba.

Audio-Technica ATH-M20x da ATH-M40x

M20x shi ne ƙofar shiga, wajen dala 50. Ba shi da nauyi, giram 190, kuma sautinsa ya fi na yawancin abin da ake sayarwa a kuɗinsa gaskiya. Yana da ɗan kauri a ƙasa, samansa kuma a lulluɓe yake kaɗan, abin da ke sa tsofaffin waƙoƙi su yi laushi amma ya rage wa murya haske. Babbar matsalarsa ba ya naɗewa, igiyarsa mita uku ce a manne. Ranar da ta tsinke, sai mai gyaran rediyo.

M40x ya ninka shi kuɗi, kuma ya cancanci ninkin. Yana naɗewa, ana cire igiyarsa a sa wata, kuma tsakiyarsa ta fi fita. Kalangun Shata a cikinsa yana da jiki, ana rarrabe hawansa da saukarsa, amshin 'yan amshi bai nutse ba. Mun fi son sa a kan yayansa M50x da ya fi shi suna da tsada, domin shi wancan ya fi ƙawata ƙasa da sama a kan tsakiya. Inda M40x ya gaza shi ne katifar kunnensa. Ramin ƙarami ne kuma ba zurfi, mai manyan kunnuwa zai fara jin matsi kafin awa biyu. Sautinsa kuma a matse yake, kamar makaɗan duk sun taru a cikin kanka.

AKG K361 da K371

Waɗannan sun fito a 2019, kuma an gina su ne a kan tsarin Harman da muka ambata. K371, wajen dala 150, shi ne ya fi kowa daidaito a jerin nan. Bes ɗinsa yana can ƙasa sosai, inda ba ya taɓa murya, saboda haka waƙar zamani tana samun nauyinta, mai karatu kuma yana fita tsaf. Shi kaɗai ne ya ci gwajin nan huɗu ba tare da mun nemi rage wani abu ba. K361 ƙaninsa ne, wajen dala 100, robarsa ta fi yawa, ya fi shi sauƙi a kai, giram 219 a kan 255. Sautinsu ya yi kusa, sai dai na ƙanin ya ɗan fi siranta. Dukansu suna zuwa da gajeriyar igiya ta mita 1.2, wadda ita ce mai fita waje ke buƙata, kuma katifarsu tana kewaye kunne ba ta danne shi ba.

Abubuwa biyu ne ke rage musu daraja. Na farko, bes ɗinsu ya dogara da katifar ta manne da fata. Ƙafar tabarau, ko hula da ta sauko, ko ɗankwali mai kauri, duk suna buɗe kafa, sai ƙasan sautin ya zube. Mai sa tabarau ya gwada da tabaransa kafin ya biya. Na biyu, maɗaurin da suke naɗewa da shi ba na wurgawa a jaka ba ne, kuma masu amfani da su sun sha kokawa da shi. Kayan lallaɓawa ne.

Sennheiser HD 25

Wannan yana bakin iyakar kuɗin da muka yanka. Ya fito a 1988, nauyinsa giram 140 kacal, kuma a kan kunne yake zama, ba ya kewaye shi. Masu sa kiɗa a taro da masu ɗaukar labarai a fili sun riƙe shi saboda yana toshe hayaniya sosai kuma yana jure wahala. Sautinsa mai kuzari ne, ganga tana faɗowa da ƙarfi a takaice, murya tana gaba. Ba shi da faɗi, kuma matsinsa yana gajiyar da kunne.

Abin da ya sa muka saka shi shi ne gyara. Kusan kowane ɓangarensa ana cire shi a sauya: igiya, katifa, ƙoƙon lasifikar, har maɗaurin kai. Mu da muke rubuta manhaja mun san cewa kuɗin abu ba ya ƙarewa ranar da aka saye shi, kula da shi ne ke cin rabo mafi girma. Hedifon na dala 150 da zai yi shekara goma ya fi na dala 30 da ake sauyawa duk shekara araha.

Na ƙasan tebur: Sony MDR-ZX110

Ba kowa ke da dala 50 na sa wa kunne ba, kuma sharhin da ya manta da wannan bai yi adalci ba. ZX110 yakan zo ƙasa da dala 20, yana naɗewa, ba shi da nauyi. Samansa a dushe yake, besinsa ba zurfi, kuma hayaniyar da yake tarewa kaɗan ce. Amma bai kumbura ƙasa har ya haɗiye murya ba, don haka littafin sauraro yana tafiya lafiya a cikinsa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A kuɗinsa, ba a yaudari kowa ba.

Marasa igiya

Tun da Apple ya cire ramin jona hedifon daga iPhone 7 a 2016, manyan wayoyi suka bi sahu. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da yawa har yanzu suna da shi, kuma duk masu igiyar da muka lissafa waya za ta iya tuƙa su ba tare da ƙarin na'ura ba, domin juriyarsu ga lantarki tana tsakanin om 24 zuwa 70. Wanda wayarsa ba ta da ramin, ɗan jona na USB-C ya wadatar.

Cikin masu Bluetooth, biyu sun cancanci magana. Sony WH-CH520, wajen dala 60, yana da giram 147 da batirin da kamfanin ya ce yana kai awa 50. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sautinsa ya dace da murya, amma a kan kunne yake zama, bai tare hayaniya sosai, kuma ba shi da ramin igiya ko kaɗan. Batir ya mutu, shi ma ya mutu.

Soundcore Life Q30 na kamfanin Anker, wajen dala 80, yana da fasahar kashe hayaniya. Ƙananan makirufo suna sauraron ƙarar waje, na'urar ta samar da kishiyarta, su kashe juna. Dabarar tana aiki sosai a kan ƙara mai ɗorewa ta ƙasa, wato rurin janareta, injin mota a doguwar tafiya, fanka. Ba ta iya komai sosai da kukan yaro ko odar babur. Yadda yake fitowa daga kwali, bes ɗinsa ya yi yawa ƙwarai, kalangu yana zama dundum kawai. Sai an shiga manhajarsa an rage ƙasa kafin murya ta samu wuri. Idan an yi haka, shi ne ya fi kowa amfani ga mai yawan tafiya. Yana kuma karɓar igiya idan caji ya ƙare.

Duk mara igiya yana da aibi biyu da ba a rubutawa a kwali. Akwai ɗan jinkiri tsakanin abin da waya ta aika da abin da kunne ya ji, wanda ba ya damun mai sauraron littafi amma yana hana mai tace bidiyo ko mai naɗar murya aiki. Sannan batirinsa yana tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufan, kuma ba a yi shi don mai shi ya sauya ba. Oraimo, na kamfanin Transsion, yana da fifiko ɗaya a nan da sauran ba su da shi: ana samun sa a ko'ina, kuma akwai cibiyoyin Carlcare da za a kai ƙorafi.

Zafi, gumi da jabu

Yawancin sharhin da ake karantawa a intanet an rubuta shi ne a ƙasashe masu sanyi. Duk hedifon ɗin nan katifarsu ta fatar roba ce, ba ta shan iska. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, rabin awa ya isa kunne ya jiƙe. Gumi da man gashi kuma suna cin wannan fata har ta fara ɓarewa tana barin baƙin gari a wuya, abin da aka daɗe da sanin MDR-7506 da shi. Don haka kafin a saya a tambaya ko ana samun katifar canji. Ta 7506 da M40x da HD 25 tana da sauƙin samu. Akwai ta yadi mai laushi da ta fi sanyi, amma tana rage bes kuma tana barin hayaniya ta shigo. Goge katifa da ƙyalle bayan an cire yana ƙara mata kwana.

Sai jabu. Sanannun samfura irin 7506 da jerin M na Audio-Technica suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma kwalin jabun yakan yi kyau kamar na asali. Idan aka ce maka rabin kuɗi, to an gaya maka gaskiyar abin da ke ciki. Araha ba ta ado.

Kunne ba ya da kayan gyara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 83 awa 20, a 86 awa 10, a 89 awa 5. Ƙwayoyin da ke cikin kunne masu karɓar sauti idan sun mutu ba sa tsirowa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta sayen rufaffen baya mai fito da murya. Wanda hedifon ɗinsa ke tare hayaniya kuma yake jin kalma a fili ba ya buƙatar ƙure ƙara. Wanda nasa ya cika da bes mai dagulawa kullum yatsansa na kan maɓallin ƙari. Amma toshewar da ke kare kunne a ɗaki tana iya jawo haɗari a titi. Mai tsallaka hanya ko mai tuƙa babur ya sauke shi wuya.

Hukuncinmu

Idan sauti kaɗai ake nema, kuma mai shi zai lallaɓa kayansa, AKG K371 ne, K361 kuma idan aljihu bai kai ba. Idan ana son abin da zai shiga jaka kullum ya kuma yi murya adalci, ATH-M40x. Mai naɗar littafi ko shiri ya ɗauki MDR-7506 don aiki, ya san ba don hutu aka yi shi ba. Mai fama da janareta da doguwar hanya ya ɗauki Life Q30, ya rage masa bes tun ranar farko. Mai son saye ɗaya na shekaru ya tara kuɗin HD 25. Wanda abin da ke hannunsa kaɗan ne, ZX110 na asali ya fi kowane jabu mai babban suna.

Ranar saye, a tafi da sautin gwaji a waya: minti ɗaya na mai karatun da aka san muryarsa sosai, da waƙa ɗaya mai kalangu. A sa ƙarar a tsakiya, kada a bari mai shago ya ƙure ta. Idan a haka ana jin kowace kalma, ana kuma jin gangar tana hawa tana sauka, to a yi ciniki. Idan sai an ƙara kafin a gane abin da ake faɗa, a ajiye shi komai kyan kwalinsa.